Faɗi da Tsayin Hoto: Tsakanin Gidan Silima da Akwatin Talabijin

1. Gabatarwa



Duk wanda ya saba kallon fim a akwatin talabijin ya ci karo da waɗansu abubuwa uku, ko da bai san dalilinsu ba. Wani lokaci ya ga baƙin fili ya tokare hoton sama da ƙasa, har ya zaci akwatin ne ya lalace. Wani lokaci ya ga mutanen cikin fim sun zama dogaye kamar sillen kara, ko kuwa gajeru masu ƙiba kamar an danne su. Wani lokaci kuma ya ji mutum biyu suna zance, amma ɗaya kaɗai yake gani, na biyun sai kafaɗarsa. Tushen waɗannan abubuwa ɗaya ne, watau saɓani tsakanin ƙirar hoton da aka ɗauka da ƙirar allon da ake nuna shi a kai.

Manufar wannan lacca ita ce ta bayyana yadda saɓanin ya samo asali, da yadda yake shafar mai kallo a gidan silima da kuma a gida, sa'an nan ta nuna abin da ya rataya a wuyan waɗanda aka ba amanar tsofaffin fina-finai da shirye-shiryen talabijin.

2. Ma'anar Awon Hoto

Abin da za a riƙa kira awon hoto a nan shi ne gwargwadon faɗin hoto idan an gwada shi da tsayinsa. Alal misali, allon da faɗinsa ya kai ƙafa 4, tsayinsa ƙafa 3, awonsa 4:3 ke nan. Idan aka raba 4 da 3 za a sami 1.33, saboda haka ma'aikatan silima sukan rubuta shi 1.33:1. Allon da awonsa yake 2.39:1 kuwa, faɗinsa ya ninka tsayinsa sau biyu har da ɗoriya. Ya kamata a lura cewa awo ba shi ne girma ba. Kan sarki da bangon ɗaki suna iya zama da awo iri ɗaya.

3. Asalin Tsohon Awo

A farkon shekarun 1890, William Dickson, ma'aikacin Thomas Edison a Amurka, ya tsayar da zaren fim mai faɗin milimita 35, da huji huɗu a gefen kowane hoto. Hoton da ya fito daga wannan tsari awonsa 4:3 ne, kuma a kansa aka yi yawancin fina-finan zamanin da babu murya. A ƙarshen shekarun 1920 aka soma sa murya a jikin zaren, layin murya ya ci wani yanki na gefe, hoto ya matse har ya koma wajen 1.19:1. Don a kawar da wannan rikici, cibiyar fina-finai ta Amurka, wadda take ba da lambar Oscar, ta tsayar da 1.37:1 a 1932, aka yi shekara ashirin ana bin sa.

Tun a lokacin akwai masu wani ra'ayi dabam. A 1927 Abel Gance na Faransa ya jera allo uku don nuna ƙarshen fim ɗinsa Napoléon. A 1930 kuwa Sergei Eisenstein na Rasha ya yi jawabi a Holiwud, ya nemi a yi allo mai faɗi da tsayi daidai, yadda mai shirya fim zai iya tsayar da hotonsa ko ya kwantar da shi gwargwadon bukata. Ba a karɓi shawararsa ba. Da aka zo tsara talabijin a Amurka a 1941, sai aka ɗauki 4:3, domin shi aka tarar a silima. Har zuwa wannan lokaci babu wani saɓani, fim yakan shiga akwati kusan cif.

4. Yaƙin Silima da Talabijin

Saɓanin ya taso ne daga kasuwa. A 1946 tikitin silima da ake sayarwa a Amurka ya haura miliyan 80 a kowane mako. Zuwa 1953 ya ragu da kusan rabi, kuma talabijin na cikin manyan dalilai. Masu kamfanonin fim suka ga ba su da mafita sai su ba jama'a abin da ɗan akwatin gida ba zai iya bayarwa ba.

A watan Satumba na 1952 aka buɗe Cinerama a New York. Injin haskawa uku ne suke aiki tare a kan wani lanƙwasasshen allo mai awon 2.59:1. Jama'a sun yi mamaki ƙwarai, amma tsarin yana da tsada, ga kuma layin haɗi da ake gani tsakanin hotunan uku. Kamfanin 20th Century Fox ya sami hanya mai sauƙi. Ya sayi wani gilashin kamara da Henri Chrétien na Faransa ya ƙirƙira, wanda yake matse faɗin hoto ya koma rabi sa'ad da ake ɗauka. A gidan silima sai a sa wani gilashi a bakin injin ya sake buɗe shi. Aka raɗa wa tsarin suna CinemaScope, aka fara shi da The Robe a 1953 a kan awon 2.55:1. Daga baya aka rage shi zuwa 2.35:1, a 1970 kuma aka gyara shi zuwa 2.39:1, wanda ake bi har yau.

Waɗansu kamfanoni suka bi hanyar da ta fi wannan araha, watau su ɗauki hoto a tsohon awo, sa'an nan a rufe samansa da ƙasansa a injin haskawa. Haka aka yi wa Shane a 1953. Daga nan 1.85:1 ya zauna a Amurka, 1.66:1 kuwa a Turai. Masu hali suka koma wa zare mai milimita 70, wanda ya ba da 2.20:1 a Oklahoma! na 1955. Ben-Hur na 1959 ya kai har 2.76:1. A wannan shekara ce kuma Guru Dutt ya yi Kaagaz Ke Phool, fim na farko na Indiya a tsarin CinemaScope. Ke nan cikin shekara bakwai silima ta tashi daga awo ɗaya ta koma barkatai, talabijin kuwa yana nan a kan 4:3, kuma da gangan aka nisanta su.

5. Yadda Awo Yake Aiki a Gidan Silima

Idanun mutum a jere suke, saboda haka ya fi gani a kwance bisa ga a tsaye. Faffaɗan allo yakan cika gefen ido, har mai kallo ya manta da bangon ɗakin. Amma muhimmancin awo ya wuce wannan, domin shi ne yake yanke wa darakta abin da zai iya haɗawa cikin hoto ɗaya.

Matsattsen awo ya dace da fuskar mutum da kuma mutum a tsaye. In mutum biyu suna magana, darakta yakan nuna wannan, ya yanke ya nuna wancan. Faffaɗan awo kuwa yakan ba shi damar ajiye ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ya bar fili a tsakaninsu, mai kallo ya zaɓi inda zai sa ido. Filin da aka bari shi ma yana da ma'ana, yana iya nuna gaba ko kunya ko kaɗaici. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla ya san cewa kwarjinin jahi yana cikin jerin dawakin ne gaba ɗaya. In aka leƙa ta taga aka ga doki biyu, an ga dawaki, ba a ga jahi ba.

Misali biyu sun isa. A Lawrence of Arabia na David Lean, 1962, akwai inda Omar Sharif yake ɓullowa daga nesa a kan raƙumi, ɗan ɗigo cikin ƙawalwalniya, ana ta jira har ya iso rijiya. Ƙarfin wurin yana cikin yalwar hamadar da ta kewaye ɗigon. A ƙarshen The Good, the Bad and the Ugly na Sergio Leone, 1966, mutum uku ne suka tsaya nesa da juna a tsakiyar maƙabarta, kowa yana tsoron biyun. Sai an gan su tare ake gane halin da kowa yake ciki.

Ba kowa ne ya yi na'am da faɗin ba. Fritz Lang, a cikin wani fim na 1963, ya yi ba'a da cewa wannan ƙira ta fi dacewa da macizai da jana'iza. Gaskiyar maganar ita ce, kowane awo da aikinsa, kuma daraktocin baya-bayan nan sun tabbatar da haka. Wes Anderson ya yi amfani da awo uku a The Grand Budapest Hotel na 2014, kowanne don zamanin da labarin ya shiga. Robert Eggers ya koma wa 1.19:1 a The Lighthouse na 2019 don mai kallo ya ji ƙuncin da mutum biyu suke ciki. Tsarin IMAX kuwa, wanda aka fara nunawa a Osaka ta Japan a 1970, tsayi ya nema, awonsa 1.43:1 a kan allo mai tsayin bene.

Akwai kuma wata al'ada ta tsofaffin gidajen silima da ya kamata a riƙe. Tsayin allo ba ya canzawa, labule ne ake ja hagu da dama gwargwadon faɗin fim. Saboda haka fim mafi faɗi shi ne mafi girma a ido. Da yawa daga cikin ƙananan ɗakunan silima na yanzu sun bar wannan al'ada, allonsu na 1.85:1 ne babu labule, faffaɗan fim sai ya zauna a tsakiya da fili sama da ƙasa.

6. Fim Ya Shiga Gida

Da aka zo sayar wa gidajen talabijin waɗannan fina-finai, daga baya kuma kaset ɗin bidiyo ya fito a shekarun 1970, sai aka tarar da doguwar tabarma da ɗan ƙaramin ɗaki. Hanya huɗu aka bi.

Ta farko ita ce datsewa. Ma'aikaci yakan zauna ya zaɓi yankin da za a nuna, yana kai taga hagu da dama yana bin mai magana. Lissafin a fili yake. Fim mai 1.85:1 yakan yi hasarar kashi 28 cikin 100 na hotonsa, mai 2.39:1 kashi 44, Ben-Hur kuwa fiye da rabi. Daɗin daɗawa, ma'aikacin yakan shigar da motsin kamara da yanke-yanke waɗanda darakta bai yi ba. Mutanen Leone uku sukan koma biyu ko ɗaya. Wannan ne ya sa Sydney Pollack ya kai ƙarar gidan talabijin na Danmak a kan fim ɗinsa Three Days of the Condor. A 1997 kotu ta yarda an ɓata aikin, amma ta ƙi ba shi gaskiya, domin haƙƙin fim ɗin ba a hannunsa yake ba.

Ta biyu ita ce matsewa. A kan bar hoton yadda gilashin kamara ya matse shi, ba a buɗe ba. An fi yin haka a farkon fim, inda ake rubuta sunaye, don kada rubutun ya yanke. Shi ne dalilin da ya sa masu kallon kaset ɗin Indiya da na Sin sukan ga mutane sirara a farko, sa'an nan su koma daidai da an gama sunaye.

Ta uku ita ce buɗe abin da aka rufe. Fim ɗin da aka ɗauka a tsohon awo don a rufe samansa da ƙasansa, sai a nuna shi duka. Allo yakan cika, amma wani lokaci sai sandar makirufo ta leƙo daga sama, domin ba a yi wurin don a gani ba.

Ta huɗu ita ce a rage hoton gaba ɗaya har faɗinsa ya shiga akwati, a bar baƙin fili sama da ƙasa. Ita kaɗai ce ba ta taɓa aikin darakta. Woody Allen ya ƙi yarda a fitar da Manhattan na 1979 a bidiyo sai ta wannan hanya. Amma tana da nata tsadar. A tsarin PAL, wanda Nijeriya ta bi, layi 576 ne ake gani a allo, faffaɗan fim kuwa layi wajen 320 kaɗai yake samu. A akwati mai inci 14 fuskoki sukan zama kamar ƙwayar gyaɗa. Ga shi kuwa al'amari ya juye: fim ɗin da ya fi kowanne girma a silima shi ne ya fi kowanne ƙanƙanta a gida. Masu ƙorafi a kan baƙin fili ba jahilci ne kawai ya sa su ba.

7. Sulhun 16:9 da Abin da Ya Biyo Baya

A shekarun 1980, sa'ad da ake tsara talabijin mai tsabtar hoto, wani injiniya, Kerns Powers, ya zana dukan awon da ake da su da fili iri ɗaya, ya ɗora su a kan juna. Ya tarar cewa 1.77:1 ne tsaka-tsakinsu. Daga nan 16:9 ya fito, ƙungiyar sadarwa ta duniya ta amince da shi a 1990, faifan DVD da ya fito a 1996 ya taimaka wajen yaɗa shi.

Sulhu ne, kuma kowa ya bar wani abu. Fim mai 1.85:1 yakan shiga kusan cif. Mai 2.39:1 yakan sami layi wajen 800 daga cikin 1080, kusan rubu'in allo ya zauna baƙi. Tsohon shiri mai 4:3 shi ma yakan bar rubu'in allo, amma a hagu da dama. A nan aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Don a cika allo, waɗansu sukan ja tsohon hoto ya ƙara sulusi a faɗi, kowa ya zama mai ƙiba, wata ya zama kamar ƙwai. Waɗansu kuma sukan datse sama da ƙasa, rubu'in hoton ya tafi. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba. A 2019 Disney+ ya fitar da tsofaffin shirye-shiryen The Simpsons a datse, masu kallo suka yi ca, a 2020 aka maido da ainihin awon ga mai so.

Mai sayen akwati ma ya kamata ya sani cewa inci da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Tsohon akwati mai inci 21 tsayin allonsa inci 12.6 ne. Don a sami wannan tsayi a sabuwar ƙira sai an sayi mai inci 26.

Wayar hannu ta kawo sabon babi. A tsaye ake riƙe ta, watau 9:16, kuma manhajoji irin su TikTok a kan haka aka gina su. Faffaɗan fim a wayar da ke tsaye bai kai rubu'in allo ba. Tsayayyen hoton da Eisenstein ya yi wa kamfe a 1930 ya zo, amma ta hanyar da bai zata ba.

8. Yadda Abin Ya Shafi Ƙasar Hausa

Majigin da gwamnatin mulkin mallaka take yawo da shi gari-gari tsohon awo yake nunawa. An buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937, waɗansu irin su Palace da Plaza da Eldorado suka biyo baya, yawancinsu babu rufi, kuma a nan fina-finan Indiya suka sami karɓuwa. Talabijin ya fara a Ibadan a 1959, a Kaduna a 1962.

Sai dai shiga silima abu ne da mutane da yawa, musamman matan aure, ba sa yi. Kaset ne ya kai musu fim har ɗaki. Ma'anar wannan ita ce, dubban mutanen da suka san Sholay na 1975, ko Lion of the Desert, labarin Umar Mukhtar, ta akwati mai 4:3 suka san su. Duk inda kaset ɗin ya cika allo, to, wani babban yanki na filin daga bai iso gare su ba, haka kuma waƙar da aka ajiye saurayi a wannan gefe, budurwa a wancan.

Fina-finan Hausa na bidiyo, tun daga Turmin Danya na 1990, a cikin akwati aka haife su, awonsu 4:3. Haka wasannin talabijin na su Kasimu Yero da Usman Baba Pategi, watau Samanja. Masu ɗaukar su sun tsara kai da hula da hannu su cika wannan ƙira. Yanzu da masana'antar ta koma 16:9, waɗannan tsofaffin ayyuka su ne suke cikin haɗari. Kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, injinan kunna shi kuma an daina ƙera su tun 2016. Sau da yawa juyi ɗaya za a samu a yi zuwa kwamfuta. In a wannan juyi aka datse hoton don ya cika allon zamani, rawani ya tafi, fassarar da aka rubuta a ƙasa ta tafi, kuma babu inda za a sake samo su bayan kaset ya mutu.

9. Shawarwari

Na farko, duk ma'aikacin da aka ba aikin juya tsohon kaset ko zaren fim, ya juya shi a ainihin awonsa, ya rubuta awon a rajista tare da suna da shekara. In ana bukatar wani kofe mai cika allo, a yi shi dabam.

Na biyu, jami'in da yake sayen allo ko injin haskawa don makaranta ko zauren taro, ya fara tambayar irin abin da za a riƙa nunawa kafin ya sa hannu a takarda.

Na uku, ɗaliban da suke nazarin fim su tabbatar da awon kofen da ke hannunsu kafin su yanke hukunci a kan darakta. Wanda ya soki tsarin hoton da aka datse, aikin wani ma'aikaci ya soka.

Na huɗu, mai kallo a gida ya nemi maɓallin da yake maido da hoto awonsa na asali. Gwajin mai sauƙi ne: a duba tayar mota ko faifai a cikin fim, in ba a kewaye yake ba, an ja hoton.

10. Kammalawa

An ga cewa silima da talabijin sun fara da awo kusan iri ɗaya, gasar kasuwa ta raba su a 1952 da 1953, sulhun 16:9 ya rage tazarar bai kawar da ita ba, wayar hannu kuma ta buɗe wata. Babu allo ɗaya da zai dace da kowane fim, saboda haka baƙin fili ba zai gushe ba, kuma shi ne shaidar cewa hoton ya iso cikakke. Abin da ya fi gaggawa shi ne kaset ɗin da suke jibge a ɗakunan ajiya na gidajen talabijin da shagunan tsofaffin 'yan kasuwar fim, domin yadda aka juya su a 'yan shekarun nan, haka na baya za su gan su.